Na ƙara wa Land Cruiser 79 taya da ƙarfe, ƙarfinta ya tafi: turbo zan sa ko inji zan canza?

Dan_Tenere79:
Assalamu alaikum 'yan wannan zaure, masu gareji da direbobi. Ina da Land Cruiser 79 mai buɗaɗɗen baya, injin gas 1HZ mai silinda shida. Aikina da ita daga Agadas zuwa Dirku, wani lokaci har Jado in kai wa masu haƙar zinariya ruwa da kayan abinci. Na cire tayoyinta na asali 7.50R16 na sa masu inci 35, na ɗaga ta, na ƙara ganyen sifirin a baya, na sa bamban ƙarfe da winci a gaba, ga ƙarin tanki a bodi da kejin ƙarfe a kansa. Yanzu cikinta ba ya taɓa ƙasa, amma ƙarfi ya tafi. Tudun yashin da nake hawa da giya ta uku a da, yanzu sai ta biyu, ita ma tana nishi. Giya ta biyar kuwa ko a dandagaryar ƙasa ba ta riƙe ta in iska na gabana. Wani bakanike ya ce a buɗe mata famfon da ke tura wa inji mai, wani ya ce a ɗaura turbo mai tura masa ƙarin iska, wani ya ce in sayar da injin in ɗauko 1HD-T, injin da ya zo da turbo daga kamfani. Don Allah wanda ya taɓa yin ɗaya daga cikinsu ya gaya mini yadda ta kaya.

Yaron_Mota22:
Wa alaikumus salam Oga. Famfo kawai za a buɗe. Akwai wani kusa a jikinsa, a juya shi kaɗan, mota ta farka. Maigidana haka ya yi wa tasa, ko awa ɗaya aikin bai ɗauka ba.

Oga_Famfo:
Yaro, in ka koma gareji ka tsaya bayan motar maigidanka lokacin da ya taka totur, ka ga kalar hayaƙin. 1HZ ba ta da turbo, iskar da take shaƙa ita ce dai wadda fistin ya ja da kansa. In ka ƙara mai ba ka ƙara iska ba, ɗan ƙarfin da za ka samu kaɗan ne, sauran man ya fita baƙin hayaƙi, zafi kuma ya taru a kan fistin da top, wato kan injin da ke rufe silinda. A cikin gari ba za ka gane ba, domin ba ka daɗewa a kan totur. A hamadar Tenere mutum zai danne ƙafarsa rabin awa cikin yashi bai ɗaga ba. A nan ne ake toya inji. Malam Dan_Tenere, kada ka bari kowa ya taɓa kusan nan a yadda motarka take yanzu.

Injiniya_Samaru:
Kafin a kai ga inji, a yi lissafin taya tukuna. Taya 7.50R16 tsayinta wajen santimita 80 ne, mai inci 35 kuwa wajen 89. Wato ta fi ta da kusan kashi 10 cikin 100. Ƙarfin juyin da inji ke aikawa bai canza ba, amma da yake tayar ta ƙara tsayi, abin da ke isa ƙasa ya ragu da wannan kashi goman a kowace giya. Injin bai rasa doki ko ɗaya ba, giyoyin ne duk suka yi masa tsawo. Shi ya sa ta biyar ta mutu: juyin injin ya faɗi ƙasa da inda yake da ƙarfi. 1HZ doki 130 take bayarwa ko kusa da haka a juyi 3,800, ƙarfin juyinta mafi girma kuwa wajen Nm 285 ne a juyi 2,200. Ba ta da rarar da za ta yi asarar kashi goma ba a ji ba.

Maganin wannan a aksul yake. 79 mai 1HZ yawanci da haƙoran 4.3 take zuwa, wato sandar da ke shiga aksul ta juya sau 4.3 kafin taya ta juya sau ɗaya. Ka ƙara kashi goma a kai, ka samu 4.7 da wani abu. Waɗanda ake samu a kasuwa su ne 4.56 da 4.88. Da lodin da kake ɗauka, ni 4.88 zan zaɓa. Kuma gaba da baya ake canzawa tare, in ba haka ba ranar da ka sa ta ja da ƙafa huɗu za su yi kokawa da juna.

Wani abu kuma: agogon gudunka yanzu ƙarya yake maka. In ya nuna 80, kana kusan 88. Kilomitocin da yake ƙirgawa ma sun yi ƙasa da gaskiya, don haka lissafin shan mai da na lokacin juyen baƙin mai duk sai ka gyara su.

Direban_Jado:
Injiniya ya yi magana, amma ni tambayata ɗaya ce. Ganga nawa kake ɗorawa, ɗan'uwa? Mu da muke hanyar nan mun san kanmu.

Dan_Tenere79:
@Direban_Jado ya danganta. Yawanci ganga biyar ta ruwa, ɗaya ta gas, sai buhunan shinkafa da taliya, da tayoyin safaya biyu, da mutum uku ko huɗu a sama.

Direban_Jado:
To ka gani. Ganga ta lita 200 ta ruwa kilo 200 ce ban da nauyin ita kanta gangar. Biyar tan guda ke nan. Ta gas wajen kilo 170. Ka haɗa da bamba, winci, keji, ƙarin tanki da mansa, tayoyi biyu manya, buhuna, mutane. Ka duba farantin da ke jikin motar, nauyin da aka yarda ta kai gaba ɗaya bai wuce tan 3.2 zuwa 3.3 ba, ita kanta fanko ta haura tan biyu. Ni dai na tabbata ka kusa tan huɗu ko ka wuce. Kamar raƙumin da aka ɗora wa kayan raƙuma biyu ne, sai a koma ana tambayar wane irin harawa za a ba shi.

Hajiya_MaiMotoci:
Ni ba bakanike ba ce, amma ni nake biyan kuɗin gyara, don haka ina da ta cewa. A motocina da ke zuwa daji, wadda ta fi zama a hanya ba ta kwana a gareji ita ce wadda ba a yi mata komai ba sai tayoyi masu kyau da matatar iska. Direbobi suna son winci da bamba saboda kwarjini. Na tambayi ɗaya daga cikinsu ko ya taɓa amfani da wincin a Tenere, ya ce ina itacen da zai ɗaura igiyar? Faranti biyu da ake sawa ƙarƙashin taya a yashi da shebur ne ke fitar da su. Na sa aka kwance wincin.

Abzin_Kat_Kat:
Hajiya, winci yana da rana. Mota ɗaya takan tsaya a kan ƙasa mai tauri ta jawo 'yar'uwarta, kuma ana binne tayar safaya a ɗaura igiya a jikinta. Amma gaskiyarki, a ayarin mota goma guda ɗaya mai winci ta wadatar.

BabanGareji_Kano:
Bari in yi magana a kan turbo tunda shi aka fi tambaya, kuma na ɗaura shi a kan 1HZ, na kuma kwance injinan da ya kashe.

Yana aiki. Motar da aka yi wa shi da kyau, direbanta zai rantse wata mota aka ba shi, musamman a tsakiyar juyi inda ake hawan tudu. Amma ku fahimci irin injin. 1HZ ta fito a 1990, kuma nozil ɗinta ba ya fesa mai kai tsaye a kan fistin. Akwai wani ɗan ƙoƙo a cikin top, a nan wutar ke tashi sannan ta fito ta wata 'yar kafa. Matsinta kuma 22.4 ne, wato fistin yana matse iska sau 22.4. 'Yar'uwarta 1HD-T, wadda kamfani ya yi da turbo tun asali, faɗin silindarsu ɗaya, lita 4.2, amma ita kai tsaye take fesawa, an sauke matsinta zuwa 18.6, fistin ɗinta ma daban ne. Ba don wasa suka yi haka ba. In ka tura iska da yawa cikin inji mai matsi 22.4, ƙoƙunan nan suna tsagewa, kan fistin yana tsagewa, gaskit yana busawa.

Na buɗe wata da aka kawo mini a kan babbar mota. Fistin na biyar da na shida, na can baya inda zafi ya fi taruwa, kowanne da tsaga siririya daga gefe zuwa tsakiya, ka sa farce ka ji ta. Ƙoƙo ɗaya har ya fara sakin jiki a mazauninsa ya bar tabo a kan fistin. Mai motar ya ce agogon ruwa bai taɓa tashi ba. Gaskiya ya faɗa. Agogon ruwa zafin ruwa yake gani, ba ya ganin zafin wutar da ke cikin silinda, kafin ya motsa an gama ɓarna.

Sharuɗɗana ga duk wanda ya zo wurina: iskar turbo kada ta wuce bar 0.5 zuwa 0.7. A sa agogon zafin hayaƙi a gaban direba. In a bayan turbo aka dasa ƙaramin ƙarfen awon, kada allura ta haura digiri 550. In a gabansa ne, a jikin manifol, 700 ne iyaka, shi ma ba a zama a kai. A sa lagireton sanyaya iska. A faɗaɗa salansa zuwa inci biyu da rabi ko uku. Sannan a kai famfo wurin mai bencin gwada famfo ya daidaita shi da iskar. Wanda ya ce zai yi turbo kaɗai ya bar sauran sai ya samu kuɗi, ina ce masa ya je wani garejin.

Oga_Famfo:
Baba ya gama magana. Abu ɗaya zan ƙara: famfon 1HZ na asali bai san akwai turbo ba. Na 1HD-T yana da wata hula a sama mai roba a ciki, iskar turbo ce ke danna ta, sai ya ƙara mai daidai yadda iskar ta ƙaru. In ba a sa wa famfon 1HZ irin wannan ba, dole ka zaɓi ɗaya: ko ka ba shi mai da yawa ya yi ta hayaƙi kafin turbo ya tashi, ko ka ba shi kaɗan turbo ya zama ado.

DanGembu:
Mu nan Mambila ba a gardama a kan turbo. Muna sama da mita 1,500, kuma injin da ba shi da turbo yana rasa wajen kashi 3 cikin 100 a kowace mita 300 da ka hau. Wato kafin ka ɗora ko buhu ɗaya an cire maka kusan kashi 15. Tawa 1HZ ce mai turbo a kan bar 0.6, shekaru ina hawan dutse da ita da kayan shayi da masara, ban buɗe injin ba. Idona dai yana kan agogon hayaƙi. Da allura ta doshi iyaka sai in sauko giya ɗaya, juyi ya tashi, zafi ya sauka. Mutane suna ɗauka jan mota a babbar giya da totur a ƙasa shi ne lallaɓa inji, alhali shi ne ke dafa shi.

Abzin_Kat_Kat:
@DanGembu ku kuna da sanyi, ɗan'uwa. Agadas wajen mita 500 ce kawai, matsalarmu ba tsawo ba ce, zafi ne. A watan Mayu iskar da mota ke shaƙa ta haura digiri 45, turbo kuma ya matsa ta ya ƙara mata wani zafin. Sannan a yashi gudu kaɗan ne, iska ba ta bugun lagireto, in ma iskar daga bayanka take to fanka kaɗai ka dogara da ita. Abin da ya yi shekaru a Gembu ba lalle ya yi bazara biyu a hanyar Bilma ba.

DanGembu:
Na yarda da batun zafi. Amma hawan dutsen Mambila da lodi a giya ta biyu ma ba iskar da ke bugun lagireto. Direba ne dai.

Tsohon_Direba:
'Ya'yana, duk kun tafi inji da aksul, ba wanda ya tambaye shi iskar taya. Dan_Tenere, nawa kake bari in ka shiga yashi mai laushi?

Dan_Tenere79:
Baba, ina saukewa zuwa bar 2 a baya saboda lodi, gaba 1.8. Ina tsoron taya ta fita daga rim.

Tsohon_Direba:
Ai shi ya sa. A bar 2 tayar tana haƙa rami ne tana hawa bakinsa, tana sake haƙa wani, duk ƙarfin injin a nan yake ƙarewa. Sauke gaba zuwa 1.2, baya 1.5 in lodi ya yi yawa, wuri mai tsanani ka ƙara saukewa kaɗan. Kada ka yi kwana da ƙarfi, kada ka yi gudu, ka taɓa gefen tayar da hannu in kun tsaya, in ta yi zafin da ba ka iya riƙewa ka ƙara mata iska. Da kun fito kan tsakuwa ka mayar. Mu da injin 2H muka yi hanyar nan, wanda bai kai 1HZ ƙarfi ba, kuma muna isa. Tafiyar asuba ma tana taimako, yashi ya fi tauri kafin rana ta gasa shi.

Yaron_Mota22:
Baba to ai zamaninku ba a ɗora tan huɗu.

Tsohon_Direba:
Ana ɗorawa, ɗana. Sai dai ba ma sauri.

Maradi_Mekano:
Ni shawarata ta bambanta da ta kowa. Kuɗin turbo mai kyau da lagireton iska da salansa da aikin famfo da agogo da kuloci mai ƙarfi, in ka tara su, ka kama hanyar kuɗin injin 1HD-T na hannu. Shi doki 165 yake bayarwa ko kusa, ƙarfin juyi wajen 360, kuma tun daga ƙasan juyi yake kawo shi. Da yake gidansu ɗaya da 1HZ, yana zama a mazaunin ba tare da yanke-yanke mai yawa ba. Ba ya da kwamfuta. Yana tashi da bugu ɗaya, kuma in aka bi shi a hankali bai fi 1HZ shan mai ba. Abin da kowa ya sani game da shi dai, na farko-farkon suna cin metal na konrod, wato beyarin ƙasan sandar fistin, don haka kafin a ɗaura a sauke kwanon baƙin mai a canza su. Sannan ka sayar da 1HZ ɗinka, masu nema suna da yawa.

DanKofarRuwa:
@Maradi_Mekano a ina za ka samu 1HD-T mai lafiya yanzu? Injin Land Cruiser 80 ne na shekarun 1990. Waɗanda ke shigowa ta Kwatano ko daga Sharja, da yawansu sun yi aikinsu sun gama, an wanke an fesa fenti. Ban ce babu nagari ba, amma wanda zai saya ya je da bakanikensa, a gwada matsi a gabansa, a buɗe murfin sama a ga ciki, a kama sandar turbo a girgiza. Kuma turbo sabo mai arha da ake sayarwa a kwali mai kyau, ku yi hattara. Wani abokin cinikina ya sa irinsa, fuka-fukin suka karye injin ya haɗiye su. Araha ba ta ado.

BabanGareji_Kano:
Akwai abin da masu cewa a canza inji suke mantawa: giyabos. 79 mai 1HZ da R151F take zuwa, wadda ta fi ƙanƙanta. Masu turbo na kamfani H150 ko H151 aka ba su. R151F tana jure 1HZ, amma ka haɗa mata turbo ko 1HD-T, da taya 35, da tan huɗu, ka riƙa jan lodi a giya ta biyar, za ka ji ta fara kuka. Ko ba turbo ma ni ina hana jan kaya mai nauyi a ta biyar. Sannan aksul ɗin gaba na 79 ƙarami ne, inci 8, na baya ne mai inci 9.5. Babbar taya ta yi tsalle a kan tudu ta dawo ta kama ƙasa kana kan totur, haƙori ko ƙwallon gaba ne zai tafi. Duk dokin da ka ƙara sai ya bi ta cikin waɗannan kafin ya isa ƙasa.

Zinder_V6:
Ku yi ta fama da gas. Matasan hanyar nan da yawa sun koma V6 na fetur, 1GR mai lita 4, doki sama da 220. A tudun yashi juyi ake so, shi kuma yana da shi. Inda 1HZ ke ja da baya ta sake ɗaukar gudu, V6 wucewa yake yi. Sayar da taka ka sayi mai V6, magana ta ƙare.

Direban_Jado:
Ka faɗa masa yadda take shan mai a yashi mana. Duk litar da ta ƙara sha sai ka ɗauke ta a bodi, ta cinye wurin kayan da za a biya ka. Ga ɗaukar gangunan fetur cikin zafin nan da mutane zaune a kai suna shan taba. Ni ba zan yi ba.

Zinder_V6:
Tana sha, ban musa ba. Amma lokacin da kake ɓatawa kana haƙa da shebur shi ma kuɗi ne.

Injiniya_Samaru:
Tunda an kawo V6, wani zai kawo V8 na gas, 1VD mai lita 4.5 da aka fara sa wa jerin Land Cruiser 70, dangin 79, a 2007. Doki wajen 200, ƙarfin juyi 430. Inji ne mai kyau ƙwarai, amma nozil ɗinsa na lantarki ne masu aiki da matsi mai tsanani, ba sa yafe ruwa ko ƙura a cikin mai. Wanda ke shan gas na ganga a Dirku ya yi tunani sau biyu. 1HZ in ta tsaya a daji, bakanike mai sifana da ɗan tiyo zai iya tayar da ita. Wannan darajar ce nake ganin bai kamata Malam Dan_Tenere ya sayar da ita da arha don neman doki talatin ba.

Hajiya_MaiMotoci:
Kuma wanda zai canza inji ya tuna da takardu. Lambar inji in ta saɓa da abin da ke rubuce, a shingen hanya za ka yi bayani har ka gaji. A gyara takarda kafin mota ta fita.

Oga_Famfo:
Mu koma kan motar da ake magana. Malam Dan_Tenere, kilomita nawa injin ya yi, kuma yaushe rabon da a gwada nozil? Na sha ganin 1HZ da ake cewa ba ta da ƙarfi, alhali dokinta 130 ɗin ma ba su cika ba. Nozil ya gaji yana ɗiga maimakon fesawa, bawul ba a daidaita ba, lokacin famfo ya ja baya, matatar iska ta toshe da ƙura, wayar totur ta saki har feda ta kai ƙasa famfo bai buɗe duka ba. Wannan na ƙarshen kyauta ake gyara shi. Sa yaro ya danne feda injin a kashe, kai kuma ka duba ko hannun famfo ya taɓa kusan tsayawarsa. A gwada matsin silinda ma: littafin gyara ya ce a agogon awo na kg/cm² 37 ko sama ga mai lafiya, 27 ne ƙarshe, kuma kada bambancin silinda da silinda ya wuce 5. Injin da ke kusa da 27 ba a ɗaura masa turbo.

Dan_Tenere79:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka. Na kai ta gareji jiya. Oga_Famfo, maganarka ta fito: hannun famfo ba ya kaiwa ƙarshe, akwai tazara kamar kaurin yatsa, an ja wayar. Matatar iska da muka buga a ƙasa, ƙurar da ta fito ta cika tafin hannu biyu, mun sa sabuwa. Nozil biyu suna ɗiga. Matsi ya fito tsakanin 32 da 34 duka shidan. Na gwada ta fanko a bayan gari, ta fi da, amma ta biyar har yanzu ba ta da rai. Na fara tambayar kuɗin haƙoran 4.88. Turbo kuma ban cire shi daga raina ba.

BabanGareji_Kano:
Matsin ba laifi. In za ka sa 4.88, nemi wanda ya iya zaunar da haƙori, mai shafa shuɗin fenti ya juya ya ga inda suke haɗuwa, ba mai ɗaurewa da ido ba. In ya zauna ba daidai ba zai yi ta kuka, kuma ba zai daɗe ba. Bayan an sa, ka yi tafiya marar lodi ta ɗan lokaci, ka juye man aksul, sannan ka ɗora kaya. Ka duba fankar lagireto ma: in injin ya yi zafi ka kashe, ka juya ta da hannu, in tana walawala ba tauri to man cikinta ya ƙare.

Abzin_Kat_Kat:
Ko kuma ka huta da duk wannan ka sauko taya 33, irin su 255/85R16. Siririya ce doguwa, in an sauke iska tana shimfiɗa tafi mai tsawo a yashi, ba ta da nauyin 35, kuma asararka ba za ta wuce kashi 5 ko 6 ba. In 35 ta fashe maka a Sigidin da ke hanyar Jado wa zai sayar maka da irinta? 7.50 kuwa kowace mota a ayari tana ɗauke da ita.

Dan_Tenere79:
@Abzin_Kat_Kat tayoyin sababbi ne, shida na saya. Ba zan iya zubar da su yanzu ba.

Maradi_Mekano:
Haƙora gaba da baya da kuɗin aiki ma ba kyauta ba ne. Kuma 4.88 ba ta ƙara doki ko ɗaya, tana mayar maka da abin da taya ta ƙwace ne kawai. Nauyin ƙarfen da ka ƙara yana nan. Ina nan a kan bakana, 1HD-T da giyabos ɗinta.

Tsohon_Direba:
Ba wanda ya yi maganar birki. Babbar taya tana rage ƙarfin birki kamar yadda take rage na inji, ga tan huɗu a kai. Ku da kuke neman ta yi gudu, ku fara tabbatar da za ta tsaya.

DanGembu:
Gaskiya ne Baba. Dan_Tenere, ko ba ka sa turbo ba, sayi agogon zafin hayaƙin nan ka dasa a manifol tun yanzu. 1HZ marar turbo ma tana haura 700 in an danne ta da lodi a babbar giya. Ka yi tafiya ɗaya da shi zuwa Dirku ka dawo ka gaya mana abin da allura ta nuna a manyan tuddai, da sabbin nozil da iskar taya yadda Baba ya ce. Ni ina son in ji lambar.

Yaron_Mota22:
Oga_Famfo na duba motar maigidana kamar yadda ka ce. Hayaƙin baƙi ne sosai in ya taka. A mayar da kusan inda yake ko sai an kai benci?

Oga_Famfo:
In ya san juyi nawa ya yi, ya mayar daidai. In bai ƙirga ba, ku kawo famfon benci, ku haɗo da nozil shidan.